Daga Najeriya Zuwa Kado: Yadda Ake Tsara Taswirar Yanayin Ƙasa Mai Ma'auni Da Yawa A Intanet

Taswirar yanayin ƙasa ita ce wadda ke nuna siffar doron ƙasa kamar yadda take, wato tudu da kwari, duwatsu da fadamu, koguna da rafuka, tare da abin da ɗan'adam ya ɗora a kai na hanyoyi, gadoji, garuruwa da iyakoki. Abin da ya raba ta da taswirar hanya da direba ke dubawa a waya shi ne tsayi: tana faɗin inda ƙasa ta hau da inda ta gangara, saboda haka tana faɗin inda ruwa zai bi idan an yi mamakon sama. Injiniyan hanya, mai tsara birni, soja, jami'in agajin gaggawa da mai shirin sayen fili duk da ita suke aiki.

A zamanin takarda kowace taswira tana da ma'auni guda, kuma mai zane ya san girman takardar da zai cika. A intanet kuwa mai dubawa ne ke zaɓar ma'auni da yatsunsa biyu. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan zai iya tashi daga Najeriya baki ɗaya ya sauka a ƙofar wani gida a gundumar Kado da ke Abuja, kuma yana sa ran taswirar ta karantu a kowane zango na wannan tafiya. Abin da yake gani a matsayin hoto ɗaya da ake zuƙowa, a haƙiƙa jerin taswirori ne kusan ashirin, kowacce da hukuncin da aka yanke mata na abin da za ta nuna da abin da za ta bari.

Ma'auni da abin da yake nufi

Idan aka rubuta 1:50,000 a gefen taswira, ana nufin santimita ɗaya a takarda daidai yake da santimita 50,000 a ƙasa, wato mita 500. A 1:1,000 kuwa santimita ɗaya mita goma ne kacal. Masana na kiran na biyun babban ma'auni, domin abubuwa na fitowa manya a kansa, na farkon kuma ƙarami idan aka kwatanta su, kuma wannan kan rikita masu koyo saboda lambar da ta fi yawa ita ce ta ƙaramin ma'auni.

Misali zai fi bayyana lamarin. Fulotin da aka saba da shi a garuruwan Arewa, ƙafa 50 da ƙafa 100, kimanin mita 15 da mita 30 ke nan. A 1:1,000 zai fito santimita ɗaya da rabi da santimita uku, har a rubuta lambarsa a ciki. A 1:50,000 bai kai milimita ɗaya ba. Haka nan layin hanya mai kaurin rabin milimita, wanda shi ne daidai abin da ido ke gani ba tare da wahala ba, yana cin mita 25 na ƙasa a 1:50,000, ya ci mita 250 a 1:500,000. Ke nan kowace taswira tana ƙara wa wasu abubuwa girma fiye da gaskiyarsu don a gan su, kuma filin da suka cinye dole wani abu ya bar shi.

Gadon da takarda ta bari

Ginshiƙin taswirorin yanayin ƙasa na Najeriya shi ne jerin 1:50,000, wanda aka zana akasarinsa daga hotunan jirgin sama a shekarun 1950 zuwa 1970, bisa aikin Sashen Safiyo na Tarayya da hukumar safiyo ta Birtaniya mai kula da ƙasashen ƙetare, da wasu abokan hulɗa. Kowane falle yana ɗaukar kimanin kilomita 27 a kowane gefe, kuma ana buƙatar falle sama da dubu kafin a rufe ƙasar. A samansa akwai jerin 1:100,000, da 1:250,000, da 1:500,000. Aiki ne na ƙwararru, kuma har yau duwatsu da kwaruruwan da suka zana suna nan inda suka sa su.

Matsalar ita ce shekaru. An kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairun 1976, aka kammala babban tsarin birnin a 1979, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991. Duk wanda ya buɗe fallen shekarun 1960 na wannan yanki zai tarar da sunan Abuja a kan garin da yanzu ake kira Suleja. Inda Kado take a yau kuwa daji ne da gonaki da ƙauyukan Gbagyi, babu rukunin gidaje, babu kasuwar kifi, babu ma tafkin Jabi, wanda madatsa ce ta haifar da shi a farkon ginin birnin. Ɗaukar hoton irin wannan falle a ɗora shi a intanet yana da amfani ga mai nazarin tarihi, amma ba ya zama taswirar intanet: idan aka zuƙo shi layuka su kumbura su dushe, idan aka ja baya rubutu ya cure ya zama baƙin tabo.

Tsanin matakai

Tsarin da kusan dukkan taswirorin intanet ke bi a yau ya yaɗu ne bayan fitowar Google Maps a 2005. Ana shimfiɗa duniya bisa dabarar da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, a yanka ta murabba'i-murabba'i kamar tayil ɗin daɓe, kowane tayil ɗigo 256 a tsaye da 256 a kwance. A mataki na sifili duniya duka tayil ɗaya ce. A mataki na ɗaya tayil huɗu, a na biyu goma sha shida, haka kowane mataki ke ninka na bayansa sau huɗu, har a mataki na 18 adadin ya haura biliyan 68. Wayar mai dubawa ba ta sauke komai sai 'yan tayil ɗin da suka cika fuskarta.

An san shimfiɗar Mercator da kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, shi ya sa Turai ke fitowa da girman da ba nata ba. A nan Najeriya ta yi sa'a. Abuja tana kusan digiri 9 arewa da layin tsakiyar duniya, inda kumburin bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari ba. A Sakkwato ma bai kai kashi uku ba, alhali a Landan ya kai kusan kashi 60.

A daidai Abuja, ɗigo ɗaya na fuskar waya yana wakiltar kimanin mita 150 a mataki na 10, mita 19 a na 13, ƙasa da mita biyar a na 15, da santimita 60 a na 18. Abin lura shi ne tsohon ma'aunin 1:50,000 bai faɗa kan kowane mataki ba. Yana tsakanin na 13, wanda ke kusa da 1:72,000, da na 14, wanda ke kusa da 1:36,000. Ƙa'idojin zane da aka gada daga takarda ba sa shiga wannan tsani kai tsaye, sai an sake yanka su.

Kado mataki-mataki

A mataki na 5 ko na 6 Najeriya ce ke cika fuskar waya. Abuja ɗigo ɗaya ce da alamar babban birni, kogin Neja da na Binuwai suna haɗuwa a Lakwaja, tsaunukan Jos inuwa ce kawai. A mataki na 9 da na 10 iyakar Yankin Babban Birni ta bayyana, da manyan hanyoyin Kaduna, Keffi da Lakwaja, da garuruwa irin su Kubwa, Gwagwalada, Kuje da Bwari. Har yanzu babu Kado, kuma daidai ne kada ta fito.

Sai a mataki na 12 zuwa na 13 ne sunayen gundumomi ke samun wuri. Tafkin Jabi ya fito da siffarsa, Kado ta bayyana tare da maƙwabtanta Jabi, Jahi, Gwarimpa da Life Camp, yankunan da aka gina kuma launi ɗaya ne shimfiɗe, ba gida-gida ba. A na 15 titunan cikin unguwa sun fito da sunayensu, da kasuwar kifi, da masallatai da makarantu. A na 17 da na 18 kowane gini yana da siffarsa, kuma a nan ne taswirar ke haɗuwa da bayanan filaye, inda Kado ke ɗauke da lambar shiyya B09 a kashi na biyu na ginin birnin. Fulotin nan na ƙafa 50 da 100, wanda bai kai ɗigo biyu ba a mataki na 13, yanzu ya zama ɗigo 25 da 50.

Tacewa: zuciyar aikin

Abin da ke faruwa tsakanin waɗannan matakai shi ake kira tacewa ko taƙaitawa, kuma a nan ƙwarewar mai tsara taswira take. Wani abu ana cire shi ɗungurungum. Wani ana sauƙaƙa shi, kamar gaɓar tafki mai lanƙwasa ɗari da za ta koma mai goma. Gidaje da yawa ana haɗe su su zama fili ɗaya mai launi. Kasuwa mai faɗi tana komawa alama guda. Tagwayen hanyoyi suna zama layi ɗaya, kuma idan hanya da rafi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa har layukansu za su hau juna, ana ɗan matsar da ɗaya gefe, ko da yake a ƙasa ba nan yake ba.

Masana sun daɗe suna neman ƙa'idar lissafi ga wannan aiki. A 1966 Friedrich Töpfer da Wolfgang Pillewizer na Jamus suka wallafa wata ƙa'ida da ke nuna cewa idan ma'auni ya ragu sau huɗu, misali daga 1:50,000 zuwa 1:200,000, kimanin rabin abubuwan da ke kan taswirar farko ne za su tsira. A 1973 David Douglas da Thomas Peucker a Kanada suka fitar da dabarar da kwamfuta ke rage lanƙwasar layi da ita, wadda har yau manhajojin taswira ke amfani da ita. A Amurka, Cynthia Brewer da Barbara Buttenfield sun gabatar a 2007 da wani jadawali mai suna ScaleMaster, inda ake jera kowane nau'in abu, hanya ko rafi ko suna, a rubuta ma'aunin da zai shigo da wanda zai fita da irin canjin da za a yi masa a tsakani. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta amfana da wannan bincike wajen tsara taswirarta ta intanet.

Sai dai ƙa'idar Töpfer tana faɗin adadin da za a bari ne, ba ta faɗin wanne za a bari. Wannan hukunci na mutum ne, kuma yana da sakamako. Idan aka ce kwamfuta ta cire duk rafin da bai kai wani tsawo ba, ko duk wanda ba ya gudana shekara cur, to a yankin da rani ke ɗaukar watanni biyar an share akasarin hanyoyin ruwa daga taswira. Rafin da ya bushe ƙurmus a watan Janairu shi ne ke tumbatsa a Agusta. Mazauna Lugbe, inda ambaliyar watan Yunin 2023 ta mamaye gidaje masu yawa, sun san haka. Taswirar da aka tsara don Abuja ya kamata ta riƙe waɗannan kwaruruwa tun daga mataki na 13, ko da da layi mai tsinke-tsinke, domin a wannan matakin ne mai neman fili ke fara duba unguwa.

Haka lamarin yake ga matsugunai. Ƙa'idar da ta fifita tituna masu kwalta da suna za ta nuna rukunin gidajen Kado sarai, ta bar tsohon ƙauye irin Kado Kuchi a matsayin fili mara bayani, alhali cike yake da jama'a. Aikin rigakafin shan-inna a jihohin Arewa ya koyar da wannan darasi: lokacin da aka maye gurbin taswirorin da ake zanawa da hannu da waɗanda aka ciro daga hotunan tauraron ɗan'adam, tun daga wajen 2012, an gano ƙananan ƙauyuka da rugage da ba sa cikin jadawalin masu allura. Wannan na daga cikin matakan da suka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a ranar 25 ga Agustan 2020, kuma shirin GRID3 ya ci gaba da tattara irin waɗannan bayanai na matsugunai.

Tudu da kwari

Ana nuna tsayi da layukan da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya daga doron teku. Inda layukan suka matsu, gangara ce mai tsanani. Inda suka ware, fili ne. Akasarin tsofaffin fallayen 1:50,000 na Najeriya suna da tazarar ƙafa 50, kimanin mita 15, tsakanin layi da layi. Tazara ɗaya ba za ta yi wa dukkan matakai ba. Dutsen Aso, wanda ya tashi kimanin mita 400 daga gindinsa, zai ɗauki layi sama da ashirin a wannan tazara, kuma a mataki na 11 duk za su haɗe. A mataki na 17 kuwa, a wuri mai sauƙin gangara kamar gefen tafkin Jabi, mai dubawa zai iya cika fuskar wayarsa ba tare da ya ga layi ko ɗaya ba. Don haka ake canza tazarar: mita ɗari ko fiye daga nesa, ashirin ko goma a tsakiya, biyu ko ɗaya a kusa, idan bayanan sun kai.

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne babba. Bayanan tsayi na kyauta da aka fi amfani da su sun samo asali ne daga awon rada da kumbon Endeavour ya yi cikin kwana goma sha ɗaya a Fabrairun 2000, kuma an saki nau'insa mai tazarar mita 30 ga Afirka a 2014. Akwai irinsa na shirin Copernicus na Turai. Sun wadatar ga matakai na nesa da na tsakiya, amma rada tana auna saman bishiya da rufin gini ne, kuma kuskurenta na iya kai mita da dama. Kwamfuta ba za ta ƙi zana layin mita ɗaya daga irin wannan bayani ba, sai dai layin ƙarya ne mai kama da gaskiya. Mai tsara taswira na gari yana tsayar da layukan a matakin da bayaninsa ya ƙare, har sai an sami awon jirgin sama, ko na jirgi mara matuƙi, ko na safiyo a ƙasa.

A matakai na nesa inuwa ta fi layi aiki. Al'adar da Eduard Imhof na Suwizalan ya inganta ita ce a haskaka tsaunuka daga arewa maso yamma, ko da yake rana ba ta fitowa daga can. Idan aka haskaka daga kudu, idon mutane da yawa kan ga dutse kamar rami.

Minna da tauraron ɗan'adam

Tsofaffin taswirori da takardun filaye da dama na Najeriya an auna su ne daga tushen awo na Minna, wanda ke dogara da wata alamar safiyo mai lamba L40 da kuma siffar duniya ta Clarke ta 1880. Taswirar intanet da na'urar GPS kuwa suna aiki da tsarin WGS 84. Idan aka ɗora bayanan ɗaya a kan ɗaya ba tare da juyawa ba, bambancin a yankin Abuja yana kai wajen mita 80. A mataki na 10 wannan rabin ɗigo ne, babu mai lura. A mataki na 18 ya haura ɗigo ɗari, wato fulotin mutum zai sauka a kan na maƙwabcin maƙwabcinsa, ko a tsakiyar titi. Tun 2008 Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin NIGNET masu karɓar saƙon tauraron ɗan'adam dare da rana, domin a sami tushen awo guda da ya dace da na duniya.

Sunaye

Rubutu ba ya ƙanƙancewa tare da taswira, domin ido na buƙatar harafi mai wani girma. Saboda haka sunaye ke gasar wuri, kuma dole a jera su bisa daraja: babban birni, hedikwatar ƙaramar hukuma, gunduma, unguwa, titi. Sunan da ya shigo a wani mataki bai kamata ya ɓace a na gaba sannan ya sake dawowa ba.

Ga mai karatun Hausa akwai ƙarin batu. Dole salon harafin da aka zaɓa ya ƙunshi ɓ, ɗ da ƙ, in ba haka ba Ƙaraye da Ɗanja za su fito da akwatin banza a farkon sunansu. Akwai kuma sunaye masu rubutu biyu, kamar Gwarimpa da Gwarinpa, ko Sakkwato da Sokoto. Tsarin da ake aika wa waya bayanan zane maimakon hoto, ita kuma ta zana da kanta, ya sauƙaƙa wannan: taswira ɗaya za ta iya fitowa da Hausa ko Ingilishi bisa zaɓin mai dubawa, kuma yawanci ta fi sauƙin cin data. A OpenStreetMap, wadda aka kafa a 2004 kuma kowa ke iya gyarawa, akwai gurbi na musamman don sunan wuri da Hausa.

Wa ke riƙe da wane mataki

Bayanan da ake buƙata suna warwatse a hukumomi. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ne ke da alhakin taswirorin ƙasa da tushen awo. Hukumar AGIS, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da bayanan filayen Abuja a babban ma'auni, kuma jihohi sun bi sahu da irin su KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano. Hukumar sararin samaniya ta NASRDA ta harba NigeriaSat-1 a Satumban 2003, mai ganin mita 32 a ɗigo ɗaya, sannan NigeriaSat-2 a Agustan 2011, mai ganin mita biyu da rabi. Horar da ma'aikata kuma yana hannun Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo, da cibiyar AFRIGIST da ke Ile-Ife, da jami'o'i.

Idan aka jera waɗannan a kan tsanin matakai, za a ga cewa ƙasan tsanin da samansa sun fi samun kulawa: akwai bayanan duniya na kyauta ga matakai na nesa, akwai bayanan filaye ga na kusa a wasu birane. Matakai na 12 zuwa 16, inda ake tsara magudanar ruwa da hanyar unguwa da wurin makaranta, su ne suka dogara da tsohon jerin 1:50,000 da kuma taswirorin kamfanoni, waɗanda aka tsara don kai direba inda za shi. Hanyar da hukumomin taswira na ƙasashe irin su Holan da Suwizalan suka bi ita ce a gina rumbun bayanai guda a ma'auni mafi girma, a riƙa sabunta shi, sannan a ciro sauran ma'aunai daga gare shi da ƙa'idojin tacewa da aka rubuta. Ta haka, idan aka gina sabuwar gada a Kado aka shigar da ita sau ɗaya, za ta fito da faɗinta a mataki na 18, ta zama alama a na 14, a na 10 kuma ta narke cikin layin hanyar da take ɗauke da ita.